Harshen Finland: Yadda "yaren manoma" ya shiga kotu da jami'a

A ranar 9 ga Afrilun kowace shekara ana ɗaga tuta a faɗin ƙasar Finland domin girmama harshen ƙasar, wanda masu shi ke kira Suomi. A rana irin wannan ce, a 1557, Mikael Agricola ya rasu, malamin cocin da ya fara buga littafi da harshen. Tarihin da ya biyo bayansa amsa ce ga masu cewa akwai harsunan da aka halitta domin ilimi, akwai kuma na gona da kasuwa kawai.

Mutum kusan miliyan biyar ne ke magana da Suomi. Ba ya cikin dangin harsunan Sweden da Rasha da Jamus da Ingila. 'Yan'uwansa su ne harshen Estoniya da ke kusa, da na Hangari daga nesa. Finland ta shafe sama da shekara 600 a ƙarƙashin Sweden, kuma a tsawon wannan lokaci harshen Sweden ne na mulki da shari'a. Ɗan ƙauyen da ya shiga kotu sai an yi masa tafinta a ƙasar haihuwarsa.

Agricola ya buga littafin koyon karatu a 1543, sannan fassarar Sabon Alkawari a 1548. Daga baya coci ya wajabta wa mabiyansa iya karatu kafin a ɗaura musu aure, abin da ya sa karatu ya yaɗu har ƙauyuka. Amma karatun bai wuce na ibada ba. Wanda ke son zama alƙali ko likita dole ya koma harshen Sweden.

A 1809 Rasha ta ƙwace Finland, ta bar mata ɗan ƙwarya-ƙwaryar 'yancin gudanar da harkokinta. A nan ne 'yan boko suka fara tambayar kansu su wane ne. An kafa Ƙungiyar Adabin Finland a 1831. Wani likita mai suna Elias Lönnrot ya riƙa bin ƙauyukan yankin Kareliya yana rubuta waƙoƙin baka daga bakin tsofaffi, ya haɗa su ya zama littafin Kalevala a 1835. Shi ne kuma ya shafe shekaru yana haɗa babban ƙamus, wanda aka kammala a 1880.

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A 1850 hukuma ta hana buga komai da Suomi in ba littafin addini ko na tattalin arziki ba, dokar da ta yi shekara goma. Duk da haka, a 1858 aka buɗe makarantar sakandare ta farko mai koyarwa da harshen a garin Jyväskylä. A 1863, bisa matsin lambar masanin falsafa Johan Vilhelm Snellman, Sarkin Rasha Alexander na Biyu ya sa hannu kan dokar da ta ba ma'aikatu wa'adin shekara 20 su fara aiki da Suomi kafaɗa da kafaɗa da harshen Sweden.

Wannan wa'adi shi ne darasin. Ba a wayi gari aka ce a sauya harshe ba. An ba da lokacin horar da malamai da ma'aikata, da rubuta littattafai, da ƙirƙiro kalmomi. Kalmar sähkö, wato lantarki, wani likita ne ya ƙirƙiro ta a ƙarni na 19. Wayar tarho ta zama puhelin, daga kalmar da ke nufin magana. Da kwamfuta ta zo aka kira ta tietokone, wato injin ilimi. Har yau akwai cibiyar gwamnati a Helsinki mai kula da ƙamus da ƙa'idar rubutu. Abin lura kuma, da yawa daga cikin jagororin wannan fafutuka da harshen Sweden suka tashi a gidajensu. Manya ne suka yarda su sa 'ya'yansu a makarantun harshen talakawa, kuma a 1906 dubun dubatar mutane suka sauya sunayen danginsu zuwa na Suomi.

Wani zai ce Finland ƙaramar ƙasa ce mai harsuna kaɗan, don haka abin ya zo mata da sauƙi. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai ita ma ta sha rikicin harshe mai zafi, kuma ba ta warware shi ta hanyar danne marasa rinjaye ba. Bayan samun 'yanci a 1917, tsarin mulkin 1919 ya amince da Suomi da harshen Sweden a matsayin harsunan ƙasa, alhali masu harshen Sweden a yau kusan kashi biyar ne cikin ɗari.

Yanzu barazanar daga Turanci take. Darussan digiri na biyu da dama da mafi yawan rubuce-rubucen bincike sun koma Turanci, har masana harshe a ƙasar na gargaɗin cewa fagen Suomi na ƙanƙancewa. Damuwarsu tana kan hanya. Sanin Turanci riba ne, kuma 'yan Finland sun iya shi ba tare da sun bar nasu ba. Amma duk fannin da aka daina koyarwa da wani harshe, kalmominsa kan tsaya cik, bayan ɗan lokaci kuma a fara cewa dama harshen bai dace da ilimi ba. Abin da aka faɗa wa kakanninsu ke nan, har suka ƙaryata shi da makaranta da ƙamus da doka. Idan jami'o'in Finland suka saki wannan aiki, babu wanda zai riƙe musu shi.