Madawa, Buza da Keita: baki na ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Madawa na da mutum sama da dubu 500, Buza sama da dubu 400, Keita kuma sama da dubu 300. A lokacin, yawan ƴan Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara, wato cikin shekara 18 ko 19 adadin ya ninka. Kusan rabinmu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. To amma gonar da kaka ya noma shi kaɗai, ita ce yau jikoki ke rabawa kunya-kunya.

Gero da dawar damina ba su cika kai gida zuwa wata damina ba. Abu biyu ke cike giɓin: albasa da cin rani. A fadamun Tarka da Magiya, da an gama girbi sai a koma garka, kuma albasar da ake lodi a nan ita ke kaiwa Accra da Abidjan. A kan duwatsun Adar kuwa, inda ruwa ke da nisa, samari kan kama hanyar Najeriya, Kodibuwa ko Libiya. Duk mai shiga ƙauyukan Buza da Keita da rani ya san wa zai tarar: mata, yara da tsofaffi, ana jiran saƙo ta Nita ko Al Izza.

Matsalar ita ce, duka biyun sai sun tsallaka iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki da Najeriya da Benin, kuma ta Najeriya ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. Albasa kuwa ba ta jiran sulhu, ruɓewa take. Ga shi naira ta zubar da fiye da rabin darajarta tun 2023, ta yadda ɗan cin ranin da ke Kano ko Legas zai yi wahala iri ɗaya da ta da, amma in an canza kuɗin zuwa sefa, tiyoyin geron da za su saya sun ragu. Sannan yankin Bangi ya karɓi ƴan gudun hijira daga jihar Sakkwato, waɗanda ƴan bindiga suka koro. Baƙi ne kuma ƴan uwa ne, rijiya ɗaya muke sha da su.

Ba mu da iko da canjin naira ko buɗe iyaka. Amma mun taɓa ganin abin da hannunmu ke iyawa. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Magiya don tare iska. A 1984 Furojen Keita ya soma, da tallafin Italiya da FAO, aka farfaɗo da dubban hekta na faƙo da gandarin dutse da madatsan ruwa. Mafi yawan masu ɗaukar duwatsun nan mata ne, don maza suna cin rani.

Saboda haka muke ganin magana biyu ta kamata masu riƙe da komin-komin da ƙungiyoyin manoma su sa gaba. Ta farko ajiya: manomi kan sayar da albasa a Maris da Afrilu, lokacin da ta fi araha, don bashin mai da taki na wuyansa, alhali in da rudu mai kyau da bashi mai sauƙi, zai iya jira farashi ya tashi. Ta biyu gyaran madatsan da yashi ya cike, don ruwan da ke wucewa ta korama ya tsaya a ƙasarmu.

Cin rani ba abin kunya ba ne, shi ya gina gidaje da yawa a Adar. Fatanmu dai saurayi ya tafi don ya zaɓa, ba don rumbu ya kore shi ba.