Baƙin da Ke Shiga Sabuwar Shekara a Dagona

A ƙarshen watan Disamba na kowace shekara, filayen jiragen sama na Kano da Abuja da Legas sukan cika da matafiya. Wasu masu dawowa gida ne domin hutu, wasu kuma masu fita ne domin sabuwar shekara ta riske su a ƙasar waje. Daga cikin masu fitar akwai waɗanda burinsu shi ne su tsaya a gindin Burj Khalifa, dogon benen nan na Dubai mai tsawon mita 828, su kalli wasan wuta. Akwai kuma masu nufar Landan, inda jama'a ke taruwa a bakin kogin Thames suna jiran agogon Big Ben ya buga sha biyun dare. Kafin gari ya waye, hotunansu sun cika wayoyin 'yan'uwa da abokai. Yaron da ke gida idan ya gani sai ya ɗauka cewa an yi tafiya an bar shi a baya.

Ba na cikin masu kushe tafiya, domin Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Sai dai a ganina, wanda ya kashe dukiya mai yawa don kallon dare ɗaya a garin wasu, alhali bai taɓa taka wuraren ban sha'awa na ƙasarsa ba, ya yi tuya ya manta da albasa. Dalilaina guda biyu ne.

Dalili na farko shi ne, sabuwar shekara ba ta da gari. Lissafi ne da mutane suka amince da shi don tsara al'amuransu. Sa'ad da ake harba wuta sama a Dubai da sha biyun dare, a Gashuwa ƙarfe tara ne na dare. Sa'ad da sha biyu ta buga a Gashuwa, mutanen Landan suna da sauran awa guda a cikin tsohuwar shekara. Bugu da ƙari, ba duk al'ummu ne ke fara shekara ran 1 ga Janairu ba. Mutanen Habasha suna shiga tasu a watan Satumba, Sinawa kuma tsakanin ƙarshen Janairu da watan Fabrairu. Musulmi suna fara ƙirga tasu daga 1 ga Muharram, bisa kalandar da aka tsara a zamanin Halifa Umar, wadda ta soma daga shekarar hijira, wato 622 Miladiyya. A ƙasar Hausa, cikin wannan wata ne ake yin cika-ciki. Manomi kuwa shekararsa tana somawa ne da saukar ruwan farko. Saboda haka shekara za ta sami mutum duk inda yake. Abin da zai amfane shi shi ne ya zauna ya dubi abin da ya aikata a wadda ta wuce, ya kuma tsara abin da zai yi a mai zuwa.

Dalili na biyu yana Dagona, wani ƙauye a ƙasar Bade, kusa da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe. A wannan yanki ne ruwan kogin Haɗejiya da na Jama'are suke malala su cika fadamu, kafin su bi kogin Yobe zuwa Tafkin Cadi. Tafkin Dagona yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi, wanda aka kafa a 1991. A daidai lokacin da mutanenmu ke neman biza su tafi Turai, dubban tsuntsaye daga Turai da Asiya sun riga sun sauka a wannan wuri. Sanyi da ƙanƙara ne ke koro su. Sukan ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, tafiyar dubban kilomita, su zo su yi hunturu a fadamun Nguru da Gashuwa. A nan agwagin daji na ƙasashen nesa suke cuɗanya da 'yan gida, irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. A nan sabuwar shekara take samun su, sai wajen watan Maris ko Afrilu su tashi su koma inda suka fito don yin ƙwai.

Wanda ya tsaya a bakin tafkin da sassafe, hazo bai gama washewa ba, ya ga garken tsuntsaye ya tashi gaba ɗaya ya rufe sararin sama, ba zai ce wasan wuta ya fi wannan ƙayatarwa ba. Wutar Dubai takan mutu cikin 'yan mintuna, wannan kallo kuwa ana yin watanni ana yin sa. Manyan baƙi sun san darajar wurin tun da daɗewa. A 1989, Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu, ya ziyarci Dagona don ya gane wa idonsa. A 2008 kuma aka sanya tafkin cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Abin kunya ne a ce baƙo ya ƙetaro teku ya zo kallo, ɗan gida ko sunan wurin bai sani ba.

Rashin sanin nan yana da illa, domin abin da mutum bai sani ba, ba zai kare shi ba. Tun bayan da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, yanayin malalar ruwa a fadamun ya sauya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, wasu gonaki suka nutse, wasu kuma suka bushe. Ga sare itatuwa, ga farautar tsuntsaye ba bisa ƙa'ida ba. Tsuntsu yana da fiffike, idan wuri ya lalace sai ya nemi wani. Masunci da manomin shinkafa da makiyayi, waɗanda abincinsu ke fitowa daga wannan ruwa, su ne za su rasa inda za su sa kansu. Da a ce wani ɓangare na kuɗin da ake kashewa a otal-otal na ƙasashen waje yana zuwa Nguru da Gashuwa, da direban mota ya samu, mai kwalekwale ya samu, mai sayar da soyayyen kifi ma ta samu. Idan mutanen wuri suka ga tsuntsu mai rai yana jawo musu baƙi da ciniki, su da kansu za su tsare shi.

Wani zai ce a ƙasar waje akwai masauki mai kyau da kwanciyar hankali, a gida kuwa sai an yi haƙuri da wahalar hanya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma haƙƙin hukuma ne ta gyara. Amma masauki ba ya tsirowa inda babu baƙi. Dubai ɗin da ake tururuwa zuwa, ƙaramin gari ne na masunta da 'yan kasuwa kafin mutanensa su gina shi. Haka kuma ban manta da waɗanda lalura ta fitar ba, kamar ɗalibin da ke karatu a Alƙahira, da ɗan kasuwar da ke zangon Kumasi, da mai jinya a Indiya. Waɗannan ba kallo ya kai su ba, kuma da yawansu a wannan dare zuciyarsu tana gida.

Ga mai niyyar fita, akwai darasi a wajen shamuwa. Ita ma takan bar ƙasar Hausa da rani ta nufi kudancin Afirka, sabuwar shekara ta same ta a can. Amma da zarar damina ta kusa sai ta dawo, manoma su gan ta su fara gyaran gona. Tafiyarta da dalili, dawowarta kuma da albishir. Wanda ya je Landan ko Dubai, ya lura da yadda suke tsaftace birninsu da yadda suke karɓar baƙi, ya dawo ya gwada a garinsu, to kuɗin jirginsa bai tafi a banza ba.

Ku kuma ɗalibai, ba sai kun mallaki fasfo ba. A hutun Disamba mai zuwa, ku roƙi malamanku ko iyayenku su kai ku Dagona, ko wani wuri irinsa da ke kusa da ku. Ku tafi da littafi da alƙalami, ku rubuta sunayen tsuntsayen da kuka gani, ku tambayi masunta yadda ruwan yake a da. Gani ya kori ji.

Tambayoyi

1. Idan ƙarfe sha biyun dare ta yi a Dubai, ƙarfe nawa ne a Gashuwa?
2. Me ke kawo tsuntsayen Turai Dagona, kuma yaushe suke komawa?
3. Kawo matsaloli uku da fadamun Nguru da Gashuwa ke fuskanta.
4. Bayyana ma'anar karin maganar nan: an yi tuya an manta da albasa.
5. Ka yarda da ra'ayin marubucin? Rubuta sakin layi ɗaya ka kare matsayinka.