Nauyin Manya A Kan Yara A Ƙasar Haɗeja

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan yara take, da irin ayyukan da muke ɗora musu. Duk wanda ya zaga ƙasar Haɗeja zai ga cewa wahalar yaro tana bin yanayin ƙasar da aka haife shi.

Mu fara da fadama, watau wajajen Auyo da Kirikasamma da Guri. A nan yaro shi ne mai korar jan-baki daga gonar shinkafa tun asuba har faɗuwar rana, shi ne kuma mai shiga ruwa tare da masunta, inda da yawa suke kwasar tsargiya. A da, idan aka gama girbi yaro yakan koma ga allonsa. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, aka kuma sami injunan ban-ruwa, sai noman rani ya haɗe da na damina, lokacin karatu ya ƙuntata.

A kan tudu kuwa, kamar Birniwa da Malam Madori da Kaugama, inda gero da riɗi suka fi yawa, damina gajera ce. Da an kai amfanin gona gida, magidanta su tafi cin rani, yara maza a tura su almajiranci Kano da sauran birane, inda bara da wanke-wanke a gidajen mutane suke cinye rabin yininsu. 'Ya'yan makiyaya kuma suna bayan shanu. A cikin garin Haɗeja, 'yan mata ne da farantin talla, domin uwa tana sana'a a cikin gida, tana kuma tattalin kayan ɗaki, maza ƙanana suna dako a kasuwa da tasha.

Mafarin abin dai sananne ne: talauci, da tsadar 'yan ƙwadago, da yawan sakin aure, da nisan makaranta, da ambaliya irin ta 2020 da 2022 wadda ta bar gidaje ba hatsi. Ba mu kaɗai ba ne, domin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 yara wajen miliyan 138 ne suke irin wannan aiki, kashi 61 cikin ɗari a harkar noma.

To, mene ne hukunci? Shari'a ba ta hana koya wa yaro sana'a ba, Manzon Allah (SAW) kansa ya yi kiwon tumaki. Abin da ta hana shi ne a mai da yaro mai ciyar da gida. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga, 'ya mace kuwa har mijinta ya tare da ita. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya hana a kallafa wa ƙaramin yaro neman kuɗi, saboda idan bai samu ba zai yi sata. Manzon Allah ya mayar da Abdullahi ɗan Umar ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, alhali Musulmi suna bukatar mayaƙa. Idan an ɗauke wa yaro jihadi saboda ƙuruciya, ina hujjar wanda ya hana shi karatu saboda tsuntsaye? Saboda haka ma'auni uku ne: kada aiki ya fi ƙarfinsa, kada ya cuci jikinsa ko mutuncinsa, kada ya hana shi ilmi.

Tun da ciwon ya bambanta, lalle ne magani ya bambanta. Manoman fadama su haɗa kuɗi su ɗauki manya masu gadin gonaki, su kuma fitar da zakkar shinkafa: kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ko ambaliya ta shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka shayar da inji. Wannan zakka, idan ta isa gidajen marayu da zawarawa, za ta sauke farantin talla daga kan yara da yawa. Mutanen tudu su riƙe alarammomi a garuruwansu, su ciyar da su, yaro ya yi karatu a gaban iyayensa. Gwamnatin Jigawa ta sa hannu a dokar kare yara a 2021, amma doka ba ta shiga gona sai mai unguwa da liman da uba sun shigar da ita.

Ya kai magidanci, ɗanka amana ce, kuma za a tambaye ka game da shi ranar da ba uzuri. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, Ya shirya mana zuriya, amin. Wassalamu alaikum.