Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙungiyar Marubuta Ta Najeriya, Reshen Kano

Malamaina da 'yan'uwana marubuta.

Roƙo ne ya kawo ni. Idan muka tashi rubuta tarihin rayuwar wani, galibi aljihu ke yi mana zaɓi. Gwamna ko attajiri muke nema, domin ranar ƙaddamarwa a cika zaure a yi ta shelar gudummawa. Littafin kuwa kirari ne daga bango zuwa bango.

Ku tuna da Baba ta Karo. Tsohuwa ce, ba sarauta ba dukiya. Wata mai suna Mary Smith ta zauna da ita a Giwa, ƙasar Zazzau, tsakanin 1949 da 1950, tana rubuta abin da take faɗa. Daga bakinta muka ji yadda ake harin bayi, yadda dangi ke tara kuɗin fansa, yadda mata ke ƙulla ƙawance, da yadda zuwan Turawa ya sauya zaman gidaje. Baba ta rasu a 1951, littafin tarihinta bai fito ba sai 1954. Da an yi jinkiri kaɗan, da duk wannan ya bi ta kushewa.

Irinta suna nan: tsofaffin ungozoma, marinan Ƙofar Mata da suka san yadda ake haɗa baba da toka a karofi, da 'yan jam'iyyar NEPU ƙalilan da suka rage. Shekaru sun ja musu ƙwarai.

Don Allah kowace shekara ku zaɓi kaɗan daga cikinsu, ku haɗa kowanne da matashin marubuci, ku ba shi na'urar ɗaukar murya da kuɗin mota. A fara da mafi tsufa.

Wassalam,
Wani ɗan'uwanku marubuci, Kano