A Gwada Rijiya Kafin a Sayi Famfo

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, manoman rani da dama a Bebeji da Kiru suka koma famfon sola. Sai dai galibi akan sayi famfon kafin a san ƙarfin rijiyar.

Daga Tudun Wada zuwa Riruwai ta Doguwa, dutse ne a ƙarƙashin ƙasa, kuma a tsagoginsa ruwa ke taruwa kaɗan-kaɗan. Babban famfo kan zuƙe burtsatse nan take, ya ja iska, ya ƙone, ga asarar kuɗin ƙarin farantan sola. Ƙarami kuwa ba ya cika tanki.

Don haka ya kamata ƙananan hukumomi su daina biyan duk ɗan kwangilar haƙa rijiya da bai auna litar da rijiyar ke bayarwa a awa ba.