Iyakar Maigatari da Haƙƙin Maƙwabtaka

Duk wanda ya tsaya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ga raƙuma da shanu da tumakin da aka koro daga Dungas da Magarya da Damagaram, ya kuma ji dillalai suna yanke ciniki da naira da sefa, zai fahimci cewa al'amarin da masu mulki a Abuja ke kira siyasar ƙasashen waje, a ƙasar Gumel shi ke hukunta ko magidanci zai koma gida da cefane.

Masarautar Gumel ta girmi iyakar Najeriya da Nijar nesa ba kusa ba. Kafin a dawo da gadon sarauta garin Gumel a 1845, fadar tana Tumbi ne, wadda a yau take cikin ƙasar Nijar. Kuma ko da yake tarihi bai ɓoye yaƙe-yaƙen da aka gwabza da Damagaram ba, auratayya da fatauci sun fi su daɗewa. Da Ingila da Faransa suka aiko ma'aunansu suka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908, sun ratsa gonaki da zuri'o'i, amma ba su iya raba su ba.

Saboda haka ne hukuncin da ƙungiyar ECOWAS ta zartar a Abuja ranar 30 ga Yuli, 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, ya sauka a kanmu tamkar mu muka yi juyin mulkin. An rufe iyaka, an yanke wa Nijar wutar lantarki, an ba jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani, wa'adin mako guda tare da barazanar yaƙi. Ba na halatta ƙwace mulki da bakin bindiga, kuma tsare Bazoum ba tare da shari'a ba zalunci ne bayyananne. Sai dai malamanmu na fiƙihu sun sharɗanta cewa wanda zai kawar da munkari ya tabbata kawarwar ba za ta haifar da munkarin da ya fi shi ba, alhali kuwa takunkumin nan bai taɓa janar ko ɗaya a Yamai ba, ya taɓa mai lodin dabbobi a Maigatari, da manomin riɗi da zoɓo a Gagarawa wanda kasuwa ta mutu a hannunsa, da tsohuwar da ke Sule Tankarkar wadda 'yarta ke aure a ƙetare. Da aka ɗage shi ranar 24 ga Fabrairu, 2024, Bazoum yana tsare inda yake, Nijar kuwa ta riga ta shelanta ficewarta daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso.

Abin lura shi ne, a lokacin takunkumin, ƙofar Yamai da ta ƙi buɗuwa ga manzannin gwamnati ta buɗu ga Sarkin Kano na 14, Muhammadu Sanusi II, wanda ya gana da Tiani tare da Sarkin Damagaram, sa'an nan ga tawagar malamai bisa jagorancin Sheikh Bala Lau. Masu rawani da masu allo sun san hanyar da ofis bai sani ba, amma sai da wuta ta kama aka tuna da su.

Masu ra'ayin rufe iyaka suna kafa hujja da tsaro, kuma hujjar tasu ba abar rainawa ba ce, domin makamai suna shigowa, kuma fitinar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi ta nuna sharrin da ke iya ƙetarowa. Amma mun riga mun jarraba. An garƙame iyakokin tudu daga Agusta 2019 har Disamba 2020, lokacin da aka buɗe guda huɗu, Maigatari a cikinsu, kuma kowa shaida ne cewa ta'addancin 'yan bindiga bai ragu ba, shinkafa ce ta yi tsada. Iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne shimfiɗaɗɗe babu kogi babu dutse, ba a kulle ta da ƙofa guda. Abin da rufewa ke yi shi ne ta kori ɗan kasuwa na halal daga gaban jami'in kwastan, inda ake rubuta sunansa a duba kayansa, ta tura shi ɓarauniyar hanya, inda zai cuɗanya da mai fasa-ƙwauri har a kasa rarrabe su.

Mahukuntan Yamai su ma suna da nasu alhakin. Zargin da Tiani ya yi wa Najeriya a Disamba 2024, na haɗa baki da Faransa, ya ƙara dagula zumunci, kuma janye sojojinsu daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a Maris 2025 babu wanda ya amfana da shi face Boko Haram.

Tun ranar 29 ga Janairu, 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS, kuma 'yancin shige da ficen da ya rage yana rataye ne a kan sanarwar wucin gadi, wadda za a iya janyewa da sanarwa irinta. Wajibi ne, a ganina, ƙasashen biyu su rattaba hannu a kan yarjejeniyarsu ta kansu, ta hannun hukumar haɗin gwiwar da suka kafa tun 1971, wadda za ta haramta rufe iyaka da yanke lantarki saboda saɓanin siyasa, ta kuma ba Sarkin Gumel da Sarkin Damagaram, da sarakunan kasuwa da ardo-ardo na ɓangarorin biyu, mazauni tabbatacce a majalisar da za ta riƙa duba al'amuran iyaka. 'Yan majalisar da ke wakiltar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su ya kamata su fara gabatar da wannan ƙuduri a Abuja.