Yaran Kurebe ma suna da suna

A watan Afrilun 2022 jirgin yaƙi ya saki bam a Kurebe, cikin ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja. Mutanen garin sun ce yara shida suka rasu, waɗanda suka fita ɗebo ruwa. Labarin ya zagaya ƙasa na 'yan kwanaki, sannan ya lafa. Abin da ya rage a bakin jama'a shi ne "yara shida", alhali kowannensu an yanka masa rago, an raɗa masa suna a kunne.

Mutanen ƙasar Kontagora ba baƙi ba ne ga irin wannan. A Yunin 2021 an kai hari ta sama a yankin Genu da ke Rijau. Mazauna suka ce 'yan biki ya rutsa da su, rundunar sojin sama ta ce 'yan bindiga ta far wa. Maganar ta tsaya a nan, kowa da tasa.

Wannan jarida ba ta musun amfanin jiragen. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Mariga ko Mashegu ya san abin da ƙarar jirgi ke yi wa ɓarayin daji. Sojoji ma suna kwanta dama a waɗannan dazuzzuka, kuma kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da su. Hakan daidai ne. Sai dai farar hular da bam ɗin gwamnati ya kashe ba shi da rana, ba shi da allo.

Tudun Biri ta nuna cewa hukuma na iya amsa laifi idan ta ga dama. Daren 3 ga Disambar 2023 jirgi marar matuƙi na sojin ƙasa ya faɗa wa masu Maulidi, hukumar NEMA ta ƙirga gawa 85. Hafsan sojin ƙasa na lokacin, Taoreed Lagbaja, ya je ya ba da haƙuri, aka kuma ce hafsoshi biyu za su gurfana gaban kotun soja. Yawan mamata da kusancin garin da Kaduna ne suka jawo haka. Kurebe kuwa tana can ƙuryar daji, inda ɗan jarida ke shakkar shiga.

Aikin tattara sunayensu bai fi ƙarfin gwamnatin Neja ba. Dagatai da limaman da suka sallaci gawarwakin sun san kowa da ɗan gidan wa. Ya kamata Gwamna Umaru Bago ya sa a tattara sunaye, shekaru da ranar rasuwa ta hannun masarautu, fadar Sarkin Sudan na Kontagora ta ɗauki na Rijau, Mariga da Magama. A miƙa kundin ga majalisar dokokin jiha, a karanta shi a zauren, sannan a aika kwafi hedikwatar tsaro tare da buƙatar diyya ga magada.